Abin da shafin farashin albasa ya koya mini a Mil 12

Wani dillalin albasa a kasuwar Mil 12 da ke Legas, abokin kawuna, ya sa ni in yi masa shafin da kwastomominsa za su riƙa duba farashin buhu kowace safiya. Manhajar da yaransa ke shigar da lissafi tana fitar da bayanai a fayil ɗin XML, wato zallar rubutu da alamomi, babu ado ko kaɗan. Sai dabara ta faɗo mini: me zai sa in wahalar da sabar, wato kwamfutar da ke aika wa masu dubawa shafin? In saka layi ɗaya na xml-stylesheet a saman fayil ɗin, ya nuna wa burauza takardar XSLT, wato jerin umarnin yadda za a tsara bayanan, burauzar kuma ta juya su zuwa HTML, tsarin da ake rubuta shafukan intanet da shi, a cikin wayar mai dubawa. Na ɗauka banza ta faɗi.

Daren farko a ɗakina na Agege, wuta ta ɗauke, ina lallaɓa sauran cajin kwamfuta, na buɗe fayil ɗin a Chrome. Shafi fari fat. Na bi kowane layi har kusan asuba ina neman kuskurena, ashe babu shi. Chrome ce ba ta yarda fayil da aka buɗe kai tsaye daga kwamfuta ya jawo wani fayil ba, saboda tsaro. Ina ɗora su a sabar, jadawali ya fito.

Inda na fi shan wahala shi ne rarraba kaya. Alhaji, wato dillalin, yana son farar albasa gefe guda, ja gefe guda, ta Aliero daban. Na rubuta xsl:for-each-group, umarnin da ke kasa bayanai kashi-kashi, abin ya ƙi. Nan na gane cewa wannan umarni na XSLT 2.0 ne, wanda ya fito a 2007, alhali burauzoji duk sun tsaya a kan 1.0 na watan Nuwamban 1999. Har 3.0 ya zo a 2017 ba su motsa ba. Dole na koma tsohuwar dabarar Muench, wadda ake haɗa xsl:key da generate-id. Tana aiki, amma in ka dawo mata bayan wata guda sai ka rantse ba kai ka rubuta ba. Firefox kuma ta ƙara nata: ba ta kula disable-output-escaping, umarnin da ke sa a ɗauki alamomin HTML a matsayin tsari ba rubutu ba, sai alamomin HTML suka fito tsirara a tsakiyar farashi.

Duk wannan bai dami Alhaji ba. Abin da ya dame shi, ya tura adireshin shafin a WhatsApp, bai ga hoto ko kanu sun biyo ba. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, wannan ai kamar buhu ne ba shaida, wa zai taɓa?" Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa jibi." Gaskiyarsa ce. Manhajar WhatsApp da ke haɗa wannan ɗan hoton ba ta juya XML, abin da ta tarar shi take ɗauka.

Na mayar da juyawar kan sabar da wata manhaja mai suna xsltproc, da takardar XSLT ɗin nan dai, ban sake ko layi goma ba. Yanzu HTML gamamme ke isa kowace waya. Da Google ta sanar a 2025 cewa za ta cire XSLT daga Chrome, wani abokin aikina a Ikeja ya turo mini labarin yana tsokana. Na buɗe shafin Alhaji a wayata, farashin safiyar yana nan, na ci gaba da shan shayina.