Abin da shekara shida a teburin kuɗi ta yi wa jikina

A ƙarshen watan nan nake ajiye aikin karɓar kuɗi a kamfanin sufurin da na yi wa hidima shekara shida a garin Garwa na ƙasar Kamaru, kuma waɗanda muka yi aiki tare sun san mafarin lamarin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lissafin motocin Marwa ya gaza da sefa dubu 85, maigida kuwa ya kira ni ɓarawo a gaban direbobi da 'yan kamasho. Bayan kwana biyu aka tsinci kuɗin a cikin ambulan ɗin Ngaundare, inda ni da hannuna na saka su. Har yau bai ce in yi haƙuri ba.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna ni ta ga jinina ya hau ita ce ta bayyana mini cewa a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke sakin sinadaran adirenalin da kotizol idan hankali ya tashi. Na farkon yana hanzarta bugun zuciya nan take, na biyun kuma yana ƙara sukari a jini domin jiki ya sami ƙarfin gudu ko faɗa. Ga wanda kura ta biyo wannan rahama ce, amma wanda ake daka wa tsawa kullum jikinsa ba ya samun sararin hucewa, sai barci ya lalace, mantuwa ta shigo, jini ya hau. A ƙa'ida kotizol kan yi yawa da safe ya ragu da tsakar dare, ni kuwa tsakar dare kan same ni ido biyu ina lissafin rasit a zuci.

Shayi da goron da nake dogara da su ƙara hura wutar suke yi, domin sinadarin kafen mai hana barci da ke cikinsu yana ɗaga kotizol, kuma kusan rabin kafen ɗin na nan a jiki bayan awa biyar. Na daina taɓa su bayan azahar. Bayan sallar asuba ina takawa rabin awa zuwa gadar Binuwai, ina ƙoƙarin cika awa bakwai ina barci, idan raina ya ɓaci kuma sai in ja numfashi in sake shi a hankali.

Da na miƙa wa maigida takardar ajiye aiki, abin da ya tambaya kawai shi ne wa zai riƙe teburin ranar Juma'a.