Godiya ga Iyaye da Duk Masu Hannu a Hidimar Ƙarshen Zango

Iyayenmu maza da mata, sannunku da ƙoƙari. Mu malaman aji uku da aji huɗu na makarantarmu ta firamare a nan Jos, mun ga bai dace a watse hutun Kirsimeti ba mu ce mun gode ba. An yi wasan kwaikwayo na haihuwar Yesu lafiya, an je gidan tarihi an dawo lafiya, kowane yaro ya koma hannun iyayensa. Za mu faɗi aikin kowa dalla-dalla, don waɗanda hidimar za ta faɗo kansu baɗi su san inda za su kama.

Godiyar farko taku ce, iyayen da suka cika takardar izini tsakani da Allah, musamman layin nan na ƙasa inda ake rubuta ciwon da yaro ke fama da shi. Mun san wasu na jin nauyin rubuta sikila ko asma. Amma a Disambar Jos babu layin da ya kai shi muhimmanci, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da sikila, ƙurar hunturu kuma na tayar da asma. Saboda kun rubuta, aka ɗaga tashin mota daga ƙarfe bakwai zuwa tara, lokacin da hazo ya ɗan washe. Aka ba yaran nan kujerun tsakiya, nesa da taga, kowanne da rigar sanyi da hula da gorar ruwa. Maganin shaƙa na masu asma kuma yana cikin jakar malamar rukuninsu, ba a akwatin magani da ke can bayan mota ba.

Baba direba da abokin aikinsa, Allah ya saka da alheri. Tun ana gobe tafiya suka duba birki da tayoyi da ruwan lagireto, suka ƙara wa safaya iska, kuma ba su yarda a ɗora yaro a cinya ko a kujerar gaba ba. Iyayen da suka raka mu, kowannenku ya riƙe yara takwas, da ƙyalle mai launi ɗaya ɗaure a hannunsu. Sau huɗu aka kira suna: wajen shiga mota, wajen sauka, kafin a baro wurin, da ƙofar makaranta. Kiran suna muka ce, ba ƙirga kawuna ba. A ƙarshen zango makarantu da yawa ne ke kai ziyara, kayan makarantar wasu ya yi kama da namu, sai lissafi ya cika alhali akwai ɗan wani a layi, naka yana can baya.

Matan zumunta, iyayenmu, sannunku da wuta. Mudun shinkafa ɗaya ga yara goma sha biyu ya isa har da ragi. An sauke dafa-dukan da safe, an zuba a kula da zafinsa, an ci kafin ƙarfe ɗaya, don shinkafar da ta wuni a ɗaure a leda tana gumi ita ke ɓata ciki. Shawararku ta hana ƙosai da abin maiƙo kafin shiga mota ta rage amai ƙwarai. Muna kuma gode wa mahaifin nan Musulmi da ya zo da sassafe ya yanka kajin, da uwayen Musulmi da suka zauna fiɗa da yankan albasa. Ta dalilinku yaran duka suka ci daga tukunya ɗaya, babu wanda ya koma gefe.

Ma'aikatan Gidan Tarihi na Jos sun karɓe mu hannu biyu, ga shi takardar da aka aika musu mako biyu kafin ranar ta sa an raba yaran ƙungiya-ƙungiya ba tare da cunkoso ba. Tun 1952 aka buɗe gidan, kuma a nan yaran suka ga kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok da suka haura shekara 2,000. Sun daɗe tsaye gaban gilashin suna leƙen idanun nan masu kusurwa uku da huji a tsakiya. Wannan hujin ya zo mana daidai da darasin aji. Makon da ya wuce yaran sun gina tumaki da jakuna da yumɓu don kewaye komin dabbobi na wasan, wato inda aka kwantar da jariri Yesu, kashin farko kuma duk ya tsattsage. Dalilai biyu ne: an shanya su a rana, iskar hunturu ta busar da bayan tun cikin na jiƙe, sannan an yi jikinsu dunƙulalle. Ginin Nok kuwa cikinsa rami ne, hujin ido da hanci da baki na barin tururi ya fita lokacin gashi. Kashi na biyu an cuɗa yumɓun da ɗan yashi mai laushi, an rarake cikin da yatsa, an huda ƙasan da tsinke, an rufa da tsumma mai danshi kwana biyu, sannan aka bar su a inuwa kwana biyar. Kaka mai ginin tukwane da ta zo ta nuna wannan, mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Komin kansa da karan dawa aka yi shi, aka ɗaure da igiyar rama, aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Iyayen da suka kawo karan daga gona, sannunku. Ko kyandir ɗaya ba a kunna kusa da shi ba, ƙananan tocila aka ba mala'iku, domin kara da ciyawa a wannan lokaci tartsatsi guda ya ishe su. Sarƙar takarda kuma da sitacin rogo aka manna ta: cokali biyu a dama da ruwan sanyi, sannan a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya ana juyawa har ya yi kauri. A dama na yini ɗaya kawai. Wanda ya kwana tsami yake yi, ya jawo tururuwa da kyankyasai cikin aji.

Wasan an ɗauko shi daga Luka sura 2 da Matiyu sura 2 na Littafi Mai Tsarki, kowane yaro jimla ɗaya ko biyu, don doguwar magana ita ke sa yaro ya daskare gaban jama'a. Ranar gwaji fukafukan kwali sun yi ta zamewa saboda da zare aka ɗaure su. Mama tela ce ta ɗinka musu roba mai faɗi da ke shiga kafaɗa kamar jakar goyo, ranar taron ko ɗaya bai faɗi ba. Yaran da iyayensu ba su so su shiga wasan ba, su suka zana taswirar tafiyarmu da aka liƙa a bakin zaure, kuma ta yi kyau.

Akwai rigunan sanyi da gorunan ruwa marasa suna a ofishin shugabar makaranta, a zo a duba kafin a rufe. Fukafukai da rawunan da yara suka tafi da su gida, don Allah a dawo da su makon farko na Janairu a adana. A riƙa shafa wa yara man kaɗanya a leɓe da dunduniya, sanyin bai wuce ba tukuna. Barkanmu da Kirsimeti, Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya.