Wahalar rubuta manazarta

Jama'a wallahi ban san wahalar firojet a shafukan ƙarshe take ba sai da na zo jera manazarta. Sashenmu salon APA suke bi, wato wani tsari na jera manazarta, bugu na 7 wanda ya fito a 2019, kuma komai da ƙa'idarsa, sunan ƙarshe na marubuci, waƙafi, harafin farko na sunansa, shekara cikin baka, sunan littafi a karkace, sai kamfanin ɗab'i. Garin da aka buga ma yanzu an daina sawa, amma tsofaffin firojet da ke laburare duk da shi suke, in ka kwafi tsarinsu ka shiga uku.

Inda abin ya fi ɗaure min kai sunayenmu ne. Bature sunan gidansu ɗaya ne an huta, mu kuwa sunan mutum, na mahaifinsa, sannan ya liƙa Katsina ko Daura ko Funtua a ƙarshe, to wanne za ka gabatar? Malam ya ce in duba yadda shi marubucin yake rubuta kansa a wasu ayyukansa, in bi wannan kar in canza.

Wani abokina a wani shagon buga takardu wajen Ƙofar Ƙaura ya sa min Zotero, wani shirin kwamfuta mai jera manazarta, ka zuba masa DOI, wato lambar da ake gane maƙala ko littafi da ita a intanet, ya cika sauran da kansa. Yana taimako sosai, amma fa littattafan Hausa da aka buga a Zariya ko Kano yawanci ba su da DOI, da hannu za ka shigar. Ƙugiyar ɗ da ƙ ma sai ka bi layi-layi ka duba.