Yadda muka fasa simintin tsakar gida muka yi shuka a Jos

Tsakar gidanmu a Unguwar Rogo mita 8 ce a tsawo, 6 a faɗi. Iyali huɗu ke amfani da ita, kuma duk a malale take da siminti. Da ruwa muka fara, domin damina a Jos tana kamawa daga Afrilu har Oktoba, siminti kuwa ba ya shan ko ɗigo.

Ga lissafin: ruwan sama milimita 1 a kan rufi mai murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. Kwanon da ke zuba a tsakar gidan ya kai murabba'in mita 100, ke nan ruwa ɗaya mai milimita 20 ya isa ya cika tanki mai lita 2,000. Muka ɗaura indararo a bakin kwano, muka ja bututu zuwa tankin roba a kan dakali, da raga a mashigar don tare ganye. Ruwan farko mukan bar shi ya zube, saboda ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye. Murfin kuma kullum a rufe, in ba haka ba sauro ya samu wurin ƙwai. Rarar ruwan tana gangarawa ramin tsakuwa mai zurfin mita 1 a tsakiyar fili, kusan mita 3 daga bango mafi kusa, don kada danshi ya ci tushen gini.

Ba duka simintin muka fasa ba. Mun bar mita 1 a gindin bango, da wurin girki da daka da shanya, yadda mata suka nuna. Ɓaraguzan suka zama hanyar takawa.

Ƙasar da ke ƙasan siminti ja ce, ta daskare. Muka sassauta ta zurfin santimita 30, muka cakuɗa baro 2 na baƙar ƙasa da baro 1 na takin shanu da ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya kwanta kamar wata biyu. Gefen fangali da bulo muka yi shi, domin katako gara ke cinyewa.

Bishiya biyu kawai: gwaiba da lemun tsami. Mangwaro a fili irin wannan ban yarda da shi ba, inuwarsa za ta kashe kayan lambu, saiwarsa ta ɗaga daɓe. Latas da kabeji da albasa mai lawashi suna son sanyin Jos. Na'a-na'a a bokiti muka sa ta, don tana mamaye wuri.

Rani shi ne gwajin. A kan lita 40 kullum, tankin kwana 50 zai yi, sai mu koma ga ruwan alwala da na wanke kayan miya. Ruwan omo ba ya zuwa kan ganyen ci. Busasshiyar ciyawa a kan fangali tana riƙe laima, amma a janye ta daga jikin itace saboda gara.

Kowane iyali da fangalinsa, bishiyoyin kuma ban-ruwansu karɓa-karɓa ne mako-mako. Wayar kaji mai tsayin mita 1 muka zagaye shukar da ita kafin a saki kaji.