Abin da kitsen ƙwayar tarin fuka ya koya min a lab

Ranar da malamina ya ce a kan kitse zan yi aikina, wallahi na ɗauka raina ni ya yi. Ashe ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano tun 1882, lulluɓe take da wani maiƙo mai kauri kamar kakin zuma, maikolik asid, sarƙar kabon 60 zuwa 90 a jere. Jikin mai cutar yana haɗa sojojin garkuwa masu gane maiƙon nan, to dabarar ita ce a shimfiɗa shi kan ɗan farantin zinare, a ɗiga ruwan jini, in sun kama shi na'ura ta nuna. Babu jiran makonni ana rainon kaki, kuma yara da masu ƙanjamau da kakin ma ke musu wuyar fitowa za su huta.

Faɗa da baki kenan. Abun ba ya narkewa a ruwa sai a sinadarai irin su kulorofom, kuma zinaren ba ya riƙe shi, ka shafa ka wanke ya bi ruwa, sai an yi masa kwaskwarima an liƙa masa farar wuta a gefe ɗaya tunda ita da zinare kamar ƙuda da zuma suke. Nan ma da sauran rina a kaba, in ka liƙa ta inda bai dace ba maiƙon ya naɗe wata siffa daban, sojojin su wuce shi kamar ba su taɓa ganinsa ba. Wata uku na ci a nan.

Ranar da layin da ke nuna sojojin sun kama maiƙon ya tashi a kwamfuta har tsalle na yi. Malam ya kalla ya ce, ina jinin masu lafiya? Ban gwada ba. Na sa, shi ma ya tashi, kusan kai ɗaya. Maikolik asid in ya naɗe yana kama da kolastarol, kowa kuwa yana da sojojin da ke kama kolastarol a jininsa. A ranar na gane me ya sa a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina amfani da gwaje-gwajen jinin tarin fuka na kasuwa, da can ina ganin tsaurin ya yi yawa.

Yanzu jinin masu lafiya nake fara sawa kafin na marasa lafiya, kuma na daina aunawa da maiƙon da aka tatso daga ƙwayar a cakuɗe, wato nau'o'insa, alfa da metoksi da keto, duk tare. Na haɗawa a lab nake ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farantinsa. Gobe keto ne a layi.