Zango guda na ɓata a kan "boro wan"

Har yanzu in na tuna abin sai raina ya sosu. Aji uku nake koyarwa a wata firamaren gwamnati a Rigasa, kuma zangon karatu guda cur na kwashe ina sa yara rera "boro wan, boro wan" kamar karatun allo, wato a lissafin ɗebewa in lambar sama ta gaza ta ƙasa ka aro ɗaya daga maƙwabciya, shi ke nan. Suna cin gwaji kuwa, don irin lissafin da na yi a allo shi nake maimaita musu, ni kuma ina ta hura hanci.

Ranar da asirina ya tonu, bayan hutu ne, na rubuta 52 a cire 38. Fiye da rabin ajin suka kawo min 26. Wato sun cire 3 daga 5, suka juya suka cire 2 daga 8, tunda a wurinsu ƙarami ake cirewa daga babba ko ina yake zaune. Cikin masu 26 ɗin har da wata yarinya da ke tallar awara a bakin makaranta in an tashi, na daka mata tsawa a gaban kowa, abin da har yau nake jin kunyarsa. Da aka tashi na sayi awarar 380 na miƙa mata ɗari biyar, ko ƙiftawa ba ta yi ba ta ce "Malam ashirin ya cike ɗari huɗu, ga ɗari, canjinka 120." Yarinyar da na gama yi wa faɗa wai ba ta iya ɗebewa ba!

Washegari na ce ta yi min 52 da 38 ɗin yadda take ba da canji. Biyu ya kai arba'in, sha biyu ya kai hamsin da biyu, 14. Sai ta ce "Malam, wai ɗayan da ake arowa yaushe ake biya?" Wallahi na rasa amsa. Ai ba aro ba ne, kuma ba ɗaya ba ne, goma ce ake fasawa kamar yadda mai shago ke fasa maka kuɗi. Ni da na tsallake jarrabawar da gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malamai a 2017, wadda mutum 21,780 suka faɗi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wannan ba.

Tsintsiyar gida na warware, yara suka ɗaure tsinke goma-goma da roba. Ɗauri biyar da tsinke biyu, cire takwas. Ba ya yiwuwa sai ka kwance ɗauri ɗaya, ya zama ɗauri huɗu da tsinke sha biyu. Malamai 'yan'uwana, ku bar su su kwance da hannunsu don Allah, kada ku yi musu, kuma kada ku yi saurin komawa allo, mu sati uku muka yi a kan tsinke hedimasta yana ta min ƙorafin manhaja ta tsere mana. Kalmar aro ma na hana ta a ajina, canji muke cewa.

Waɗanda ke ci min rai su ne 'yan bara da bara waccan, da na sallame su da "boro wan" ɗina. Jiya na leƙa littafin wani a aji biyar, 403 a cire 167, ya rubuta 364.