Kafin Ku Tura Wa Dangi Hotunan Biki

A gidanmu ni ake kira mai waya. Duk abin da ya shafi intanet, daga buɗe wa Baba imel har cike wa yara takardar jarrabawa, ni ake miƙa wa. Shi ya sa da aka gama bikin ƙanwata, mai hoto ya kawo filas ɗauke da hotuna sama da ɗari takwas, babu wanda ya tsaya tambayar wa za a ba. Umma ta ce, "Ga shi nan, ki san yadda za ki yi kowa ya samu." Kowan nan kuwa ya haɗa da 'yan uwa na Kano da Zariya, da Gwaggo da ke aure a Maraɗi, da wani kawunmu da ya daɗe a Kumasi, ga kuma dangin ango da ƙawayen amarya. Na karɓa ina jin kaina. Abin da ya biyo baya nake so ku ji, ƙannena, don shekara uku ke nan kuma har yau idan aka tayar da zancen hotunan a gida sai in sami abin da ya kai ni kicin.

Da farko na yi abin da kowa ke yi. Na zuba hotunan a wayata, na tura su zauren dangi na WhatsApp kashi-kashi cikin dare ɗaya. Da safe aka tashi da ƙorafi. Wannan ya ce na cinye masa data, waccan ta ce wayarta ta cika har ta daina ɗaukar hoto, wani dattijo ma ficewa ya yi daga zauren, aka ɗauka fushi ya yi, ashe ƙarar shigowar saƙo ce ta hana shi barci. Wannan duk mai sauƙi ne. Ta'asar ita ce, ganin na tura, sai na ɗauka na ajiye. Na goge na wayata don in sami wuri, filas ɗin kuma wani ƙanenmu ya ara zai kai aikin makaranta, ya share komai. Bayan wata shida Umma ta ce a wanke mata babban hoton da suka ɗauka da amarya ranar kamu, za ta kafa a ɗaki. Na ciro shi daga zauren na kai. Mai wankin ya buɗe a kwamfuta, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan idan na buɗa shi fuskokin za su dagargaje, sai dai ƙarami." Na koma wurin mai hotonmu, ya ce ai ba ya ajiye aikin da ya wuce wata uku.

A ranar na fahimci abin da ban taɓa kula da shi ba. Manhajojin hira suna matse hoto kafin su aika, don ya tafi da sauri kuma kada ya ci data. Hoton da ya fito daga kyamarar mai hoto yana iya kai megabayit biyar ko goma, amma wanda ya isa wayar wanda aka tura wa ɗan mitsitsi ne. A fuskar waya ba za ka gane ba, sai ranar da za a wanke. WhatsApp ya ƙara maɓallin HD a shekarar 2023, yana rage matsewar, amma bai hana ta gaba ɗaya ba. Idan ainihin hoton ake so ya isa yadda yake, sai a tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu. Haka ma a Telegram. Da na san wannan a daren nan, da yanzu hoton Umma na jikin bango.

To, tunda an ci ni sau ɗaya, da sunan ɗan yayanmu ya zo sai na ce wannan karon zan nuna ƙwarewa. Na nemo wani shafi da na ga masu ɗaukar hoto na Turai suna yabawa. Kyakkyawa ne ƙwarai, hotuna suna fitowa jere kamar a mujalla. Na ɗora, na raba adireshin. Shiru. Kwana uku babu wanda ya ce ya gani. Da na kira Gwaggo sai ta ce, "'Yar nan, abin naki ya ce in rubuta imel, ni ina na ga imel?" Tana da shi, domin wanda ya saita mata wayar a kasuwa ya buɗe mata, amma ba ta san sunansa ba balle kalmar sirrinsa. Kawu ya yi ƙoƙari ya yi rajista, aka ce an aika masa saƙon tabbatarwa, ya nema ya rasa. Waɗanda suka samu shiga kuma, kowane hoto sai ya daɗe yana juyawa kafin ya buɗe, domin shafin an gina shi ne don masu intanet ɗin gida mara yankewa, ba don mai sayen data ta kwana ɗaya ba. Ƙarshenta mutum huɗu ne suka kalli albam ɗin, da ni a ciki.

Tun daga nan na kafa wa kaina ma'auni, kuma shi ne abin da na fi so ku riƙe. Kafin in zaɓi inda zan sa hotuna, sai in tuna wanda ya fi kowa rashin sabo da waya cikin waɗanda za su kalla. A wurinmu Gwaggo ce. Idan za ta danna sau ɗaya hoto ya bayyana, ba rajista, ba sauke sabuwar manhaja, ba Turancin da zai tsorata ta, wurin ya yi. Idan sai an kira jikanta ya taimaka mata, bai yi ba, komai kyansa. Mu matasa mukan zaɓi abin da ya burge mu, mu manta cewa ba mu ne za mu sha wahalar buɗewa ba. Yanzu nakan fara da hoto biyar kacal, in tura mata linki, in jira ta kira ta faɗa min launin atamfar da ke ciki. Sai ta faɗa daidai nake ɗora sauran.

Da wannan ma'aunin, Google Photos ne ya fi yi mana daidai. Yawancin danginmu Android suke riƙewa, manhajar kan zo a cikin wayar, kuma wanda aka tura wa linkin albam zai iya kallo ko bai shiga asusu ba. Ana iya buɗe wa mutane damar su ƙara nasu hotunan, abin da ya yi mana amfani sosai, don sau da yawa hoton da ya fi daɗi ba na mai hoto ba ne, na wata ƙanwa ce da ta ɗauki kaka tana dariya ba ta sani ba. Sai dai a san iyakarsa. Kyautar da Google ke bayarwa gigabayit 15 ce, kuma Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci. A da ana ɗora hotuna ba iyaka, amma an daina tun 1 ga Yunin 2021. Ajiyar hirarrakin WhatsApp ta masu Android ma yanzu cikin wannan kason take shiga. Ku lissafa: hoto ɗari takwas, kowanne megabayit shida, ya kusa gigabayit biyar, kashi ɗaya cikin uku ya tafi a biki guda, ba a ma zo kan bidiyo ba. Idan kwanon ya cika kuwa, imel ma ya daina shigowa. Mai jiran sakamakon neman aiki ko gurbin karatu ya kiyaye wannan.

Masu iPhone suna da nasu albam ɗin haɗin gwiwa a iCloud, yana ɗaukar hoto har 5000 kuma ba ya cin gigabayit 5 ɗin da ake ba su kyauta, amma yana rage girman hoto, kuma mai Android sai dai a buɗe masa shafin kallo, ba zai iya ƙara nasa ba. Idan ku biyu ne masu iPhone a dangin mutum hamsin, kada ku wahalar da mutane. Telegram na da kyau wajen manyan fayiloli, har gigabayit 2 kowanne, kuma wanda ya shigo daga baya zai iya ganin abin da aka sa tun farko, matsalar dai dattawanmu ba su cika amfani da shi ba. Facebook kuwa ban ɗauke shi wurin hotunan cikin gida ba, dandali ne.

Yanzu ga kuskuren da ya fi min ciwo, wanda ya sa na zauna rubuta wannan. A bikin wata 'yar ƙanwar Umma, na riga na ƙware a ganina. Na haɗa komai a albam ɗaya: sa lalle, kamu, ɗaurin aure, yinin biki, kai amarya. Linki ɗaya, na tura wa mutum goma sha biyu da na yarda da su. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, linki ba ya tambayar wa ya riƙe shi. Duk wanda ya samu, ya shiga. Ɗaya daga cikin ƙawayen amarya ta tura wa ango don ya ga matarsa, da kyakkyawar niyya. Shi kuma ya ga hotunan ɗaurin aure a sama, bai gangara ƙasa ba, ya jefa a zauren abokansa. Can ƙasa kuwa akwai hotunan daren lalle, taron mata zalla a tsakar gida, matan aure sun ajiye mayafi suna rawa, sun saki jiki saboda sun san babu namiji. Kafin in ji labari, wani ya yi sikirinshot ɗin matar wani yayanmu ya sa a sitatus yana yabon kwalliyar biki. Mijin ya gani.

Ba zan ba ku labarin abin da ya faru a gidan nan ba, ba nawa ba ne. Abin da zan ce shi ne sai da manya suka zauna, kuma baiwar Allahn nan ba ta ce min komai ba, ko da kalma ɗaya, wanda ya fi min zafi a kan ta zage ni. Ita ba ta ba ni izinin ɗora hotonta ba. Ban ma tambaye ta ba. Na ɗauka tunda a bikinmu aka ɗauka, namu ne. Na rufe linkin a daren, kuma rufewar ta yi aiki, wanda ya danna bayan nan bai ga komai ba. Amma abin da aka riga aka sauke ya tafi, babu maɓallin da ke dawo da shi.

Yanzu kowane biki albam biyu nake yi, wani lokacin uku. Na ɗaurin aure da na taron da kowa ya halarta, wannan shi ke da linki, ya je duk inda zai je. Na mata kuwa ba na yi masa linki sam, sai dai in gayyaci mutum da asusunta, ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin nan sai na bi hotunan da idon mijin kowace da na mahaifinta. Wanda na yi shakka, in tura wa mai shi ita kaɗai in ce, "Anti, in sa ko in cire?" Za ku yi mamakin yawan masu cewa a cire. Akwai ma hotunan da ba sa hawa intanet ko ta wace hanya: idan an haɗu, a tura ta Xender ko Bluetooth, waya da waya, ba data ba linki. Hotunan yara ma ina taka-tsantsan da su, musamman masu rigar makaranta da bajo a ƙirji ko waɗanda lambar gida ta fito. Waya kan liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, don haka a duba saitin albam a kashe nuna wuri.

Saura batun mabuɗi. Albam ɗin sunan nan da na ce mutum huɗu suka kalla, yau ko ni ba zan iya shiga ba. Da wani tsohon layina na yi rajistar, na daina sa masa kati, aka rufe shi, daga baya na kira na ji muryar wani bawan Allah. Kalmar sirrin ta ɓace min, lambar tabbatarwa kuma can take zuwa. Laifina ne. Ku buɗe asusun hotunan iyali da layin da kuka san ba za ku yar ba, wanda ke haɗe da NIN ɗinku, ku sa imel na biyu na wani ɗan gida don ceto, ku rubuta kalmar sirrin a takarda ku ba wanda ke ajiye takardun gida. Ku riƙa leƙawa kuma, domin Google ya sanar cewa daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba.

Kada kuma ku ɗauka kamfani zai dawwama a kan alƙawarin kyauta. Kayan aro ba ya rufe katara. Picasa da mutane suka zuba wa albam an rufe shi a 2016, Google+ ya bi bayansa a 2019, a shekarar ce kuma Flickr ya taƙaita masu asusun kyauta zuwa hoto 1000. Duk sun ba da sanarwa kafin lokaci, amma ta imel ko a shafukansu, inda yawancinmu ba ma leƙawa. Don haka wurin rabawa daban, wurin ajiya daban. Ranar da mai hoto ya miƙo filas, kafin a tura wa kowa ko ɗaya, a kwafe shi wuri biyu, a ɗaure ɗaya a leda a rubuta "ba na aro ba ne". A zaɓi ashirin ko talatin mafiya kyau a wanke su a takarda tun ana da ainihinsu.

Hoton Umma da amarya dai ƙaramin muka wanke, girman tafin hannu. Ta ƙi sa shi a bango, ta ce ba a ganin komai daga nesa. Yana cikin durowarta tare da hotunan aurenta, baƙi da fari, waɗanda aka ɗauka a wani situdiyo a Sabon Gari tun ba a haife ni ba, kuma a cikinsu har zanen lallen hannunta ana gani.